Cokali Shida Na Me? Ranar Da Mai Gyara Ta Kama Kuskurena

Wata Asabar da hantsi ina tsugune a tsakar gida ina wanke wa autata kai, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, dattijuwar da na ba wa littafina ta duba mini. Ko gaisuwa ba mu ƙarasa ba ta ce, "'Yata, buɗe babi na tara, ki karanta mini wurin da ungozoma take koya wa amarya haɗa ruwan gishiri da sukari."

Na goge hannu a zani na buɗe wayar, na karanta mata da ƙarfin gwiwa, don ai wannan fagena ne. Ta ce, "Sake karantawa, a hankali." Na sake. A karo na biyun ne na ji jikina ya yi sanyi. Ashe na juya ma'aunin. Inda ya kamata in sa sukari na sa gishiri, inda ya kamata in sa gishiri na sa sukari.

Hajiya ta ce, "Ni dai ba malamar asibiti ba ce, amma na raini 'ya'ya bakwai, ban taɓa jin an ɗura wa yaro gishiri haka ba. Shi ya sa na ce in tambayi mai abin."

Uwargida, kafin in ci gaba bari in faɗa miki daidai ɗin, don shi nake so ya zauna a ranki. Idan yaro yana gudawa, abin da ya fi shi ne ki sami ƙullin ORS na asibiti ko na kemis, ki haɗa yadda aka rubuta a jikinsa, a haɗa masa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14. Idan babu ƙullin a kusa, ki sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, ki zuba SUKARI cokalin shayi shida, GISHIRI kuma rabin cokalin shayi kawai, duka a shafe, ba masu tozo ba. Gishirin da ya wuce kima yana janye ruwa daga jikin yaron da dama ruwan yake nema, yana iya kai shi ga jijjiga, har ga rasa rai. Idan kuma ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, ko yaro ya kasa sha, asibiti za a nufa ba tare da jira ba.

Wannan karatu na yi wa mata shi a ranar awo da ranar rigakafi ya fi a ƙirga. Ko daga barci aka tashe ni zan faɗe shi ba gargada. Amma ga shi yatsana ya rubuta akasinsa, idona kuma ya bi ta kansa ya fi sau goma bai gani ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, babin ya riga ya fita. Wata huɗu kafin ranar na tura shi cikin wani zaure na WhatsApp da muke da shi, mata sun haura ɗari biyu.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Kafin Dafga nake zaune, cikin ƙasar Karaye. 'Ya'yana uku. Rubutu kuwa tun ina sakandare nake taɓawa a bayan littafin darasi. Da na fara aiki sai na ga abubuwan da suka hana ni barci: yarinyar da aka kawo bayan ta kwana biyu tana naƙuda a gida, jaririn da aka tsaya ba shi jiƙo har ya galabaita, uwar da ta san ya kamata ta zo amma babu wanda zai ba ta izini ko kuɗin mashin. Na lura kuma matan da ke hamma idan ina jawabi a ranar awo, su ne ke raba dare suna karanta littafin soyayya a waya. Sai na ce to, bari in sa maganar cikin labari.

Shekara biyu na yi ina rubutawa, akasari a waya, a daren da nake aikin kwana idan ɗaki ya yi shiru, ko bayan sallar asuba kafin yara su tashi. Duk babin da na gama sai in tura zaure. Yabo kuwa ba a magana. "Allah ya ƙara basira, Nas." "Wallahi kin sa ni kuka." "Don Allah a ci gaba, kar a ja mana rai." Wannan yabo ya yi mini daɗi, shi ne kuma ya rufe mini ido. Da na kammala na yanke shawarar kai shi a buga, ban ga dalilin da zai sa in biya wani ya duba mini ba. Hausa ce fa, harshen da na sha a nono. Mutum ɗari biyu sun karanta sun ce ya yi. Me ya rage?

Abban yara ne ya karya mini wannan taurin kai, da tambaya guda. Ya ce, "Ke da kike ba ni labarin cewa ba a ɗaura wa majiyyaci jini sai mutum biyu sun duba leda, shin don ta farkon ba ta iya aiki ba ne?" Na yi shiru. Haka aka koya mana tun muna makarantar koyon jinya: kafin a ɗaura jini, ma'aikata biyu ne za su tsaya a gaban gado, su karanta sunan majiyyaci, rukunin jini, lambar leda da ranar lalacewarta. Ko shekara talatin kika yi kina aiki, sai an duba bayanki. Dalili kuwa, idon da ya riga ya san abin da yake tsammanin gani, shi yake gani ko da ba shi ne a rubuce ba. Na san wannan a asibiti, amma da aka zo kan littafina sai na zama wanzamin da ba ya son jarfa.

Ban dace a karon farko ba, gara in faɗa miki gaskiya. Wani ne aka haɗa ni da shi a waya, ya ce kwana uku ya ishe shi, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Ya dawo mini da littafin ya sauya girman haruffa, ya sa lambar shafi, ya ƙawata kan babi. Ko jimla ɗaya bai taɓa ba. Kuskuren gishirin nan yana nan daram, ya bi ta kansa ya wuce, in ma ya karanta ke nan. Araha dai ba ta ado.

Wata abokiyar aikina ce ta kai ni wurin Hajiya a cikin birnin Kano. Tsohuwar malamar Hausa ce da ta yi ritaya bayan ta shekara da shekaru tana koyarwa da duba takardun jarrabawa. Ta ce in bar mata shafi goma tukuna, ta gyara in gani, in ya yi mini sai mu yi ciniki. Da na karɓi shafukan nan na ga jan biro ya rufe su kamar an yanka kaza a kai. A mota kan hanyar komawa gida, daga Kabuga har muka wuce Gwarzo, ban ce wa kowa uffan ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Sai da na kwana biyu na sake ɗaukowa, na bi gyaran ɗaya bayan ɗaya ina neman inda ta zalunce ni. Ban samu ba.

Kuɗin da ta nema ya kai zubin adashina na wata uku. Na ɗauki kwasata na ba ta rabi, muka yi alkawarin sauran idan ta gama. Ta ce sau uku za ta karanta, kowane karatu da abin da take nema.

Karatun farko na ginin labari ne. A nan ta gano cewa surukar da na kashe a babi na huɗu ta dawo a babi na goma sha tara tana rabon goro a wurin suna. Ta gano cikin jarumata ya kai wata goma sha ɗaya idan aka lissafa daga Babbar Sallah zuwa damina yadda na tsara. Ni da nake lissafa wa mata watannin ciki kullum! Ta kuma ja layi a kan babi guda cur, ta rubuta a gefe: "Nan labari ya tsaya, Nas ta hau mumbari." Gaskiyarta. Shafi goma sha biyu na yi ina zuba bayanin hawan jini ga mai ciki ta bakin wata likita, babu mai motsi, babu mai amsawa. Ta ce, "'Yata, matan nan sun gudu daga laccarki a asibiti, kin biyo su da ita har cikin ɗaki. Ki nuna mini ƙafar yarinyar ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ki nuna mini ciwon kan da ya hana ta tashi, ki bar uwar mijin ta ce ai haka cikin fari yake. Mai karatu za ta gane da kanta." Na mai da shafi goma sha biyun nan zuwa huɗu. Duk wadda ta karanta sabon, nan ne wurin da take fara ambata.

Karatu na biyu na jimla da ma'ana ne, a nan ne ta kama gishirin. Na uku kuma na ƙa'idojin rubutu. Uwargida, a nan na gane cewa iya magana da Hausa daban, iya rubuta ta daban. Da yake a waya na yi rubutun, ban damu da haruffa masu lanƙwasa ba, wato ɓ da ɗ da ƙ. Hajiya ta nuna mini inda na rubuta cewa likita ya ce a je a ɗauki hoton "kashin" yaro, alhali ƙashi nake nufi. Ta nuna mini inda "kura" ta tashi a bayan mota maimakon ƙura. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne wurin da jarumata ta yi ɓari, babin da na zubar da hawaye ina rubuta shi, amma na rubuta "bari". Sannan ga haɗe kalmomi da raba su ba bisa ƙa'ida ba: "yace" maimakon "ya ce", "gidan su" maimakon "gidansu", da rikita "a kan" na bisa abu da "akan" na abin da aka saba yi. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana gefenta kullum, in muka yi musu sai ta buɗe. Ita ce ma ta sa jikanta ya saka mini allon rubutu na Hausa a wayata, ashe yana nan cikin Gboard ban sani ba.

Mu koma ranar Asabar ɗin nan. Da muka ajiye waya na bar yarinya da kumfa a ka, yayarta ta ƙarasa mata. Lokacin da WhatsApp ke bari a goge saƙo ga kowa ya daɗe da wucewa. Na rubuta gyara da manyan haruffa na tura zaure, na yi saƙon murya don waɗanda karatu ke yi wa wuya, na roƙi duk wadda ta tura babin wani wuri ta bi shi da gyaran. Na yi haka kwana bakwai a jere. Wata ta amsa cewa ta ma ɗauki hoton wurin ta ajiye saboda ranar buƙata. Na kira ta, ban ajiye waya ba sai da ta ce ta goge, ta kuma maimaita mini ma'aunin daidai da bakinta.

Amsar da ta fi tsaya mini a rai ta wata baiwar Allah ce da ta ce, "Wallahi Nas na ga wurin, na ji wani iri, amma na ce ai ke kika fi ni sani." Kin ji fa. Mutum ɗari biyu, akwai wadda ta gani, amma girmamawa ta hana ta magana. Masu ƙaunarki ba za su gyara miki rubutu ba. Wasu kunyarki suke ji, wasu labarin ya ɗauke musu hankali, wasu kuma sun ɗauka kin fi su sani. Ana buƙatar wanda aikinsa ke nan ya yi shakkar kowace jimla, wanda kuma ba ya tsoron ɓacin ranki. Har yau idan na tuna cewa babin nan ya shiga wayoyin da gyarana bai kai gare su ba, sai in yi istigfari in roƙi Allah ya tsare. Magana zarar bunu ce, ta waya kuwa ta fi kowace saurin tafiya.

Hajiya ta ba ni tarihin da ya sa na daina jin kunyar jan bironta. Ta ce littattafan da muke taƙama da su, waɗanda aka karantar da iyayenmu da mu a makaranta, babu wanda ya fito daga hannun marubuci kai tsaye zuwa injin ɗab'i. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, maƙwabcinmu na nan kusa, da Jiki Magayi wanda sunan John Tafida da na East suke kansa tare. East edita ne, yana bin rubutun mutanen nan yana ba da shawara. Daga baya Abubakar Imam ya koma Zariya ya zauna suna aiki tare, a nan ya rubuta Magana Jari Ce, kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Ta ce, "To in Imam ya zauna an duba masa, ke wace ce?" Muka yi dariya.

Ta ce haka abin ya ci gaba a kamfanin NNPC na Zariya, wanda ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980. Marubuci ya kai rubutu, editocin kamfani su tace, sannan a buga. Da tattalin arziki ya taɓarɓare a shekarun 1980, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka fi karkata ga littattafan makaranta. Sai marubuta, musamman a Kano, suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Wannan ya buɗe ƙofar da ba a taɓa buɗe irinta ba, musamman ga mata. A nan muka sami su Balaraba Ramat Yakubu, wadda littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya kai har aka fassara shi da Turanci aka buga a Indiya a 2012, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, da Ado Ahmad Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna. Miliyoyinmu a littattafan wannan zamani muka koyi son karatun Hausa. Sai dai kujerar edita ta zama babu kowa a kanta a wurin da yawa daga masu bugawa, shi ya sa masu suka suka sami abin faɗa a kan abin da suka kira Adabin Kasuwar Kano. Yanzu da muka koma waya, ko mai buga keken rubutu da zai ce "nan fa?" babu. Daga babban yatsanki sai idon jama'a.

Ke da kike da labari a cikin wayarki, na san kina nan, don kullum ina samun irinku a layin awo. Wataƙila kina shirin shiga Hikayata, gasar gajerun labarai ta mata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Wataƙila littafin girke-girke kike haɗawa, ko nasiha ga amare, ko tarihin kakarki. Duk wanda ya ƙunshi ma'auni, ko magani, ko aya da hadisi, ko hukuncin addini, nauyinsa ya ninka. Irin wannan ma bayan edita sai kin kai wa masanin fannin ya duba. Ni bayan abin da ya faru na kai duk wuraren da suka shafi lafiya wurin wata likita da wata ungozoma da ta girme ni a aiki, wuraren da suka shafi idda da shayarwa kuma na kai wa malamin Islamiyyarmu.

Kada kuma ki ɗauka duk abin da mai gyara ya ce shi ke nan. Mun yi ja-in-ja da Hajiya a kan kakar da ke cikin labarin. Na sa ta tana magana irin ta tsofaffin ƙauyenmu, da karin harshensu da kalmomin da ba a ji a rediyo. Hajiya ta mai da su daidaitacciyar Hausa. Na ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, in aka gyara wa tsohuwar nan baki ta mutu. Haka kakata take magana." Ta yi shiru, ta sake karantawa, ta ce, "Kin yi gaskiya. Bakin mai ba da labari nawa ne in daidaita, bakin tsohuwa naki ne." Ta mayar da su yadda suke.

Mun kuma yi saɓani a kan babin wankan jego. Ita tana ganin na tsananta wa al'ada, ta ce masu karatu za su ji kamar ina zagin iyayensu. Ni kuma na ƙi janye maganar kunun kanwa, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kanwa da zafin da ake gasa jiki da shi. A ƙarshe muka haɗu a tsakiya. Gargaɗin ya zauna, amma na sauya yadda na zana uwar da ke dama kunun. Da na mai da ita jahila mai taurin kai. Yanzu uwa ce mai tsananin son 'yarta, tana yi mata abin da aka yi mata ne. Babin ya fi na da gaskiya, domin haka iyayen namu suke. Mai gyara na ƙwarai yana barin littafin ya zama naki, har ma ya fi zama naki fiye da da. In kika ga wanda yake so ya mai da muryarki tasa, ki karɓi kayanki.

Ga abin da zan ba ki shawara da shi daga abin da na gani. Idan kin gama rubutu ki ajiye shi kamar wata guda ba ki duba ba, sannan ki karanta shi da murya, kamar kina karanta wa wata. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Ki gyara iya iyawarki kafin ki kai wa kowa, don kada ki biya kuɗi a kan abin da za ki iya yi da kanki. Wajen neman mai gyara, ki tambayi malaman Hausa na sakandare da na kwalejojin ilimi, da sassan harsunan Najeriya na jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, da ƙungiyoyin marubuta kamar ANA reshen Kano. Ko ba su yi da kansu ba, sun san masu yi. Ki nemi ya gwada miki a shafi biyar ko goma kafin ku yi ciniki. Idan ya dawo miki da su babu tambaya ko ɗaya, sai yabo, ba shi ba ne.

Ku yi magana a fili tun farko: wane irin gyara zai yi, na ginin labari ne ko na ƙa'idar rubutu kaɗai, sau nawa zai karanta, yaushe zai gama, nawa ne, kuma yaya za a biya. Ku rubuta, ko da a saƙon waya ne, ki ajiye. Kada ki biya duka a farko. Ki riƙe kwafin asali a wurinki, ki tura wa kanki ta imel don ranar ta zauna a rubuce, saboda tsoron da yawancinmu ke ji na satar fasaha. Ki sani haƙƙin mallakar rubutunki naki ne, gyara ba ya mai da mai gyara abokin tarayya, kuma akwai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da aka kafa don wannan. Ki roƙi a nuna miki kowane gyara a fili, da biro a takarda ko da alama a kwamfuta, ke ce za ki amince ko ki ƙi. In za ki buga, lambar ISBN a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta.

Na san maganar kuɗi ita ce babba. A wannan zamani da ake fama da cefane da kuɗin makaranta, ba kowace za ta iya ware zubin wata uku ba. In haka ne, ki rage buri maimakon ki tsallake dubawa. Ki biya a duba miki gajeren labari ɗaya, ki zauna ki nazarci gyaran kamar darasi, domin kurakuran mutum yawanci iri ɗaya ne suke maimaituwa. Ni yanzu da wuya in rubuta "yace" hannuna bai tsaya ba. Ko ku haɗu ku uku ko huɗu masu rubutu ku riƙa musayar aiki, da sharaɗin kowace sai ta kawo aƙalla abu biyar da ba su yi mata ba. Wannan bai kai ƙwararre ba, amma ya fi "Allah ya ƙara basira" nesa ba kusa ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Littafin nawa yana wurin masu ɗab'i yanzu. Ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, surukar ta mutu sau ɗaya ta zauna a kabarinta, cikin jarumata ya koma wata tara. Da aka turo mini gwajin bugu na ƙarshe, na hau mota na kai wa Hajiya har gida. Muka zauna a kan tabarma, ta sa tabarau, muka buɗe babi na tara. Ni na karanta ma'aunin da ƙarfi, ita tana bi da yatsa, sannan ita ta karanta ni ina bi, yadda muke yi a gaban gadon majiyyaci. Sukari cokali shida, gishiri rabin cokali, ruwa lita ɗaya. Sai ta sa hannu a gefen shafin, ta miƙo mini biron ta ce, "Saura ke, 'yata."

Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare hannayenmu daga rubuta abin da zai cutar da wani.